Darasin zane a ƙananan azuzuwa: a Ingila hannun yaro ke yi, a gida allin malam

A makarantun gwamnati na nan Ingila, yara 'yan shekara 5 zuwa 7, wato 'yan aji ɗaya da aji biyu, suna da darasin zane da ƙira a manhajar ƙasa da aka fara aiki da ita a 2014. Abin da manhajar ta nema kaɗan ne: yaro ya yi zane, ya shafa fenti, ya gina abu da hannunsa, ya san launi da layi da siffa da laushi ko kaushin abu, sannan ya ga aikin wasu gwanaye ya gwada da nasa. A takarda mu ma a gida Najeriya muna da namu, domin hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, wato NERDC, ta sa darasin al'adu da fasaha, wanda malamai ke kira CCA, tun daga aji ɗaya. Cikin aji ne hanya ta rabu. A nan, ranar darasin za ka tarar an shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tebura, yara sun ɗora tsofaffin riguna a kan kayan makaranta, hannu duk fenti. A gida kuwa, a makarantu da dama, malam zai rubuta a allo cewa launuka na asali uku ne, ja da rawaya da shuɗi, yara su kwafe, ƙarshen zango a tambaye su a jarrabawa. Yaro ya cinye maki duka alhali bai taɓa ganin rawaya ta haɗu da shuɗi ta koma kore ba. In an zo aikin hannu, uwa ce za ta sayo tsintsiya ko mafici a kasuwa a kai wa malam, wani wurin ma kuɗi ake karɓa a madadinsu.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne rashin kaya da yawan yara, kuma akwai gaskiya a ciki. Doka a Ingila ta hana ajin yaran wannan shekaru ya wuce mutum 30 ga malami ɗaya, sau da yawa da mai taimaka masa, ga famfo a lungun aji. Malamar da ke fama da yara 80 ko fiye a Kano ko Gusau ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai dai idan ka duba ayyukan da ake ba yaran Ingila, mafi yawansu ba kayan tsada suke ci ba, wasu ma kayanmu sun fi nasu dacewa.

Fentin ruwa da ake sayarwa a shagunan nan, abin da ke riƙe launinsa a jikin takarda ƙaro ne, wanda ake kwasowa daga Sudan da Chadi da Najeriya. Mu da muke da shi a kasuwa arha, ga yadda ake yi: a daka ƙaro gwangwanin madara ɗaya, a jiƙa da ruwan ɗumi gwangwani uku, a bar shi ya kwana, da safe a tace da tsumma. Wannan ruwan shi ne gam, shi ne kuma mahaɗin launi. Baƙi: gawayi dakakke da aka tankaɗe sosai, cokali biyu a cikin ruwan ƙaro cokali uku, abin da kowane almajiri ya riga ya sani daga haɗa tawada. Ja mai duhu: jar ƙasa, a jiƙa, a motsa, a tsiyaye ruwan saman cikin wani kwano a bar tsakuwa a ƙasa, idan ya kwanta a zubar da ruwan a haɗa lallausar da ƙaro. Rawaya daga kurkur, shuɗi daga bular wanki, fari daga farar ƙasa ko guntayen alli. Zoɓo cikin tafin hannu ɗaya a rabin kofin ruwan zafi yana ba da ja mai kyau, kuma idan aka ɗiga ruwan kanwa a kai sai ya juye shuɗi-shuɗi ko kore a gaban idon yara. Kurkur kuma kanwa ja take mayar da shi. Aibin waɗannan biyun shi ne rana na kashe su, cikin 'yan kwanaki zoɓon ya dusashe, kurkur kuma yana kama tufafi. Gawayi da jar ƙasa ba sa dusashewa.

Darasin haɗa launi kam ya fi kyau da garin fenti na shago, domin launukan gida ba sa ba da kore da ruwan goro masu haske. Ja da rawaya da shuɗi da fari sun isa, kada a sayi kore. A dama garin awo biyu da ruwa awo ɗaya, ya yi kaurin koko. Idan ya tsinke sai ya jiƙa takarda ta yage, idan ya yi kauri sai ya farfashe ya zube bayan ya bushe. Ƙa'idar da malaman nan ke maimaita wa yara ita ce a fara da launi mai haske, a riƙa ɗiga mai duhu kaɗan-kaɗan. Yaron da ya fara da shuɗi zai ƙarar da rawayar aji duka bai sami koren ganye ba. Kowane kwano da buroshinsa, ba a tsallaka da shi zuwa wani, in ba haka ba cikin minti biyar duk kwanonin sun koma ruwan ƙasa. Buroshin ma ba sai na saye ba: asuwaki da aka daddaka bakinsa, gashin kaza, ko soso da aka ɗaure a kan kara.

Inda nake ganin mun fi asara shi ne ginin laka. A nan yumɓu a leda ake sayensa, shi ya sa malamai da yawa ke komawa ga ƙullun gishiri: fulawa kofi biyu, gishiri kofi ɗaya, ruwa kusan kofi ɗaya, a gasa a wuta kaɗan awa biyu zuwa uku. Kwaikwayon wannan a gida ɓarnar abinci ce, kuma gishiri na jan raɓa, da damina abin da aka gina sai ya jiƙe ya narke. Mu yumɓu ne a bakin kududdufi. A ɗebo, a shanya ya bushe, a farfasa, a tsince tsakuwa da saiwoyi, a jiƙa kwana ɗaya ko biyu, a cuɗa. Don a gane ko ya yi, a murza shi tsawo kamar kaurin yatsa a naɗe a yatsa: idan ya karye yashi ya yi masa yawa, idan kuma yana manne wa hannu ƙwarai zai tsage wajen bushewa, sai a ƙara masa lallausan yashi ko dakakken kasko, kamar awo ɗaya cikin awo huɗu na yumɓun.

Kowane yaro a ba shi curi kamar girman ƙwan kaza. Ya mulmula, ya danna babban yatsa a tsakiya ba tare da ya huda gindin ba, sannan ya riƙa matsawa yana juyawa daga ƙasa zuwa sama har ya zama ɗan kwano mai kaurin ƙaramin yatsa ko'ina. Kurakuran ba sa canzawa, a Landan ko a Zariya. Yara na matsa baki kawai su bar gindi, sai kwanon ya baje ya zama faranti. Suna son ruwa, in aka aje musu kwano cike sai ginin ya zube, don haka tsumma mai laima ya wadatar. Hannu ko marfi da aka liƙa haka kawai zai faɗi idan ya bushe, dole a kankare wuraren biyu da tsinke, a shafa ruwan laka, a danne. Abin da ya fi kashe aikin a wajenmu shi ne shanya. Waje na bushewa kafin ciki, sai ya tsage, musamman da hunturu. A jera su a inuwa, a rufe da leda kwana biyun farko, sannan a buɗe su ƙarasa cikin mako guda. Duk abin da kaurinsa ya wuce santimita 2, ko bai gama bushewa ba, zai iya fashewa a wuta. In akwai magina tukwane a kusa a roƙe su su gasa tare da nasu, in babu a shafa jar ƙasa da ruwan ƙaro a bar shi haka. Kafin a fara, malam ya zaro naira ashirin ya nuna wa yara bayanta: Ladi Kwali ce ke gina tukunya, matar da ta koyi sana'ar a ƙauye, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, har aka baje kolin aikinta a Turai.

Wannan ɗabi'a ta jingina kowane aiki da wani gwani ita ce abin da na fi so mu ɗauka daga nan. Malamar aji ɗaya za ta nuna aikin Henri Matisse, Bafaranshen da tsufa da ciwo suka sa ya koma yanka takardu masu launi da almakashi yana liƙawa, sai yara su yi mako huɗu ko shida a kan yanka da liƙi kaɗai, daga yage takarda da hannu har su iya bin layi mai lanƙwasa. Mu gwanayenmu suna raye a unguwa. Mai zanen ƙwarya, mai saƙa faifai, mai ɗinkin hula, masu rini na Ƙofar Mata, maginan da ke zana dagi a fuskar soro a Zariya da Kano da Damagaram. Nan ma amsar iyayen da ba sa son a sa 'ya'yansu zana abu mai rai take. Ba sai an yi jayayya da kowa ba, zayyanar allon sauka kaɗai ta ishi aji zango guda na layi da da'ira da maimaita tsari.

Bugun hatimi shi ne hanya mafi sauƙi ta koyar da tsari. Turawa dankali suke yankawa su sassaƙa masa siffa. Kuɓewa ta fi shi, domin da an yanka ta a tsakiya ga fure nan a shirye, ba sassaƙa. A goge yauƙin a bar ta ta sha iska kamar minti goma, in ba haka ba sai ta zame. Kada a tsoma ta cikin fenti. A zuba fentin a kan soso ko tsumma mai ninki a cikin murfi, yaro ya danna a kai sannan ya danna a takarda, ya ɗaga tsaye ba tare da ja ba. A fara da launi biyu, ɗaya bayan ɗaya, sai a koma biyu da ɗaya. Bayan tsohuwar kalanda ko kwalin taliya ya fi takardar littafi jure laima.

Ba komai na nan ne abin koyi ba. Gab da Kirsimeti ko ranar iyaye mata za ka ga katuna 30 iri ɗaya sak, babba ne ya yanka komai, yaro liƙawa kawai ya yi. Wannan da kwafar allo ɗanjuma ne da ɗanjummai. Karatu da lissafi kuma sun danne jadawali, har wasu makarantun suna karɓa-karɓa tsakanin zane da darasin ƙere-ƙere rabin zango rabin zango. Yaron da ke haɗa mota da karan dawa da gwangwani a lungu, ba wanda ya yanka masa komai, ya fi da yawa daga cikin waɗannan sanin yadda ake haɗa abu ya tsaya. Makaranta ce ba ta ɗauki abin nasa ilimi ba.

Ajin yara 80 ba ya yin fenti gaba ɗaya, ko an gwada rigima za a kwasa. A raba su rukuni takwas na mutum goma, biyu su yi aikin ruwa a waje ƙarƙashin bishiya, sauran su yi busasshen aiki: zane da gawayi, ko saƙar takarda da aka yanka tsiri-tsiri masu faɗin santimita 2, sama-ƙasa kamar tabarma. Mako huɗu kowa ya zagayo. A darasin minti 35, biyar na nuni, ashirin na aiki, goma na wanki da kwashewa, da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya. A rubuta suna a bayan takarda kafin a fara, domin da ta jiƙe ba ta rubutuwa. Malam ya nuna yadda ake riƙe kaya a kan tasa takardar, kada ya karɓi ta yaro ya gyara masa, kuma ya ba da maki a kan abin da ido ke gani: ya haɗa launin da kansa, tsarin ya maimaitu, kwanon ya tsaya.

Reza ba ta shiga hannun ɗan aji ɗaya, malam ne ke yanka kuɓewa tun kafin darasi, almakashi kuma marar tsini ake so, tare da guda biyu ko uku na bahagwai. Wajen liƙa ƙwayoyi a takarda a tsaya ga wake da masara da ƙwallon dabino, a sa ido kada su shiga hanci ko kunne. Idon zakara da 'ya'yan zurman suna da kyau a ido amma guba ne idan aka tauna, ruwan tumfafiya kuma yana yi wa ido lahani, don haka duk abin da yara suka tsinto daga jeji sai malam ya zazzage shi a faifai ya duba kafin a raba.