Ba yawan ruwan sama kaɗai ke kawo ambaliya ba

Yana damuna yadda ake cewa unguwar da ba ta taɓa ambaliya ba ta tsira, sai dai in an tafka ruwan da ya wuce misali. Yawan ruwa na da tasiri kam, amma fili mai ciyawa da bishiyoyi shanye ruwa yake yi ya sake shi a hankali, da an zuba siminti da kwalta kuwa sai ya rasa wurin nutsewa ya gangaro lokaci guda. A ce an yanka gonar da ke sama da ku an cika ta da gidaje, kwalbatin layinku bai ƙara faɗi ba, to ruwan da yake ɗauka lafiya lau a da shi zai tumbatsa ya shigo muku tsakar gida.