Ranar da ƙafafuna suka riga kaina gaida mutanen Yauri

Ni ɗan Argungu ne, kuma a gidanmu wannan kaɗai ya isa takardar shaidar iya ruwa. Kakana da homa da gora ya ci abinci. Mahaifina tun yana saurayi yake faɗawa Matan Fada ranar gasar kamun kifi. Ni kuwa ban san ranar da na koyi iyo ba, kamar yadda ban san ranar da na fara tafiya ba. Shi ya sa da wurin aikinmu, masu duba ƙofofin madatsun ruwa, suka ce za su tura ni Ingila ƙaro ilimin nutso, amma sai na fara koyon shiga ruwa da busasshiyar riga, dariya na yi. Na riga na yi kwas ɗin nutso da tukunyar iska a Legas, katina na aljihu. Riga kuma ai sawa ake yi.

Dalilin rigar shi ne sanyi. A can, a tsofaffin ramukan haƙar dutse da suka cika da ruwa ake koyarwa, kuma da hunturu ruwan kan sauka ƙasa da digiri 10. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska wajen sau 25. Rigar roba ta gama-gari tana barin ruwa kaɗan ya shiga jiki ya ɗumama shi. Ita wannan ba ta barin ko ɗigo. Tana da roba mai kama wuya, da mai kama wuyan hannu biyu, takalmi a ɗinke da ita, sai zif na musamman da ya ratsa bayan kafaɗu. A ƙirji akwai bawul na sa iska, wanda tiyo ya haɗa da regileta, na'urar da ake shaƙar iskar tukunya ta cikinta. A damtsen hagu akwai bawul na fitar da ita. Ɗumin ba daga rigar yake ba, daga kayan da ka sa a ciki ne da 'yar iskar da ke tsakani. Wannan 'yar iskar ce ta tona mini asiri.

Wanda aka haɗa ni da shi don ya koya mini tsohon sojan ruwa ne, Oga muke ce masa, shi kuma Bakabe yake ce mini. Kwana biyu muka yi a wurin wanka na wani otal a Birnin Kebbi, ruwa mita 3. Aikin farko yanka robar wuya. Sabuwa tana zuwa a matse, da zobba-zobba a jikinta, ana rage zobe ɗaya a gwada, da almakashi mai kaifi, don 'yar tsaga guda ta isa ta yage ta gaba ɗaya. Na ce a bar ta haka, ni namiji ne. Minti biyu fuskata ta kumbura, idanuna suka firfito. Oga ya ce ba maganar mazantaka ba ce: jijiyoyin gefen wuya in aka danne su zuciya na rage bugu, mutum ya suma, kuma a ƙarƙashin ruwa babu mai yayyafa maka ruwa ka farfaɗo. Aka rage zobe biyu. Ya barbaɗa wa robobin hannu hoda marar ƙamshi, ya goga wa zif kakin zuma, ya ce in cire agogo da zobe, in yanke farce. Mai da turare suna cin robar, don haka man da na shafa saboda hunturu ma sai da na wanke.

A wurin wankan komai ya tafi daidai, har da atisayen juyawa in ƙafa ta yi sama. Na yi shi sau uku ina hamma.

Rana ta uku muka tafi Yauri, wani lungu na Kwara da ruwa ke kwance, zurfinsa mita 6, an kafa igiya daga kwale-kwale zuwa ƙasa. Da safe na tsaya wurin mai shayi na sha kofi biyu manya, saboda sanyi. Oga ya ce kowa ya zaga kafin a ja zif. Na ce ba na ji. Ya dube ni ya ce to.

A nan na yi kuskuren farko, kuma duk sauran daga gare shi suka tsiro. In an ja zif, ana tsugunawa ne a sa yatsa biyu a ɗaga robar wuya, iskar da ta taru a rigar ta fita da ƙara, a saki kafin a miƙe. Masunta sun kewaye mu da kwale-kwalensu, yara sun cika gaɓa, ni kuma na ji kunyar in tsuguna a gabansu riga ta yi wannan ƙarar da ba ta da sunan kirki. Na tsallake. Na shiga ruwa kamar buhun auduga. Na sace iskar falmarata duka, wato falmaran da ake hura wa iska don ta ɗaga mai nutso, na fitar da numfashi, ko kunnena bai nutse ba.

Yadda ake gwada darma, nauyin da mai nutso ke ɗaurawa don ya nutse, sananne ne. Falmaran babu iska, riga babu iska, ka riƙe numfashi na yau da kullum, ruwa ya tsaya maka daidai ido. Ka fitar da numfashin ka fara nutsewa a hankali. In tukunya a cike take, a ƙara kusan kilo 2 zuwa 3, don iskar da ke cikin tukunya mai lita 12 a kan matsin bar 200 tana da nauyin kusan kilo 3, kuma za ka shaƙe yawancinta. Da wannan lissafi Oga ya ba ni kilo 8. Ni kuma da na ga ban nutse ba, na faki idonsa yana duba abokin nutsona, na miƙa hannu cikin kwale-kwale na zari darma biyu masu kilo bibbiyu na cusa a aljihun falmaran. Kilo 12 ke nan. Sannan na murɗa bawul ɗin damtse dama har ya ƙure, wai kada ruwa ya shiga. Ruwa ba ya shiga ta nan, ƙofa ce mai fita kawai. Dama rufewa ce, hagu buɗewa, kuma ƙa'ida a buɗe shi duka a dawo da shi kaɗan, yadda in ka ɗaga kafaɗa zai saki iska da kansa.

Na kuwa nutse, kamar turmi. Kowace mita 10 ruwa na ƙara nauyin da ya kai na iskar duniya guda, saboda haka iskar da ke cikin riga na ƙanƙancewa tun daga mitar farko. A mita 3 rigar ta fara tsunkulina. A mita 5 ta naɗe ni kamar alawa a leda, har a wuraren da ba a ambata a taro. Maganin shi ne danna bawul ɗin ƙirji kaɗan-kaɗan tun ana sauka, daƙiƙa ɗaya-ɗaya, daidai abin da zai saki matsin. Ni na bari sai da ta kai mini wuya, sannan na danna na riƙe. Na ji daɗi ya sauko mini. Da yake kuma darmar sata na ja na ƙasa, na ƙara dannawa don in daina shurin taɓo. Mai darma fiye da ƙima dole ya ɗauki iska fiye da ƙima, iska mai yawa a riga kuwa ba ta zama wuri ɗaya, duk inda ya fi tudu can take gudu.

Ganin ruwan bai wuce tsawon hannu biyu ba. Ina riƙe da igiya sai na hangi wani abu na ƙyalli a taɓo. Na saki igiyar, na sunkuyar da kai, na miƙa hannu. Murfin kwano ne. Kafin in gama jin haushi na ji iska ta bi bayana gurrr, ta wuce cinya, ta cika takalma. Ƙafafuna suka yi sama. Bawul ɗin fitarwa yana kafaɗa, kafaɗa yanzu ita ce ƙasa, ga shi ma na kulle shi da hannuna. Daga mita 6 zuwa sama iska na kumbura fiye da rabin girmanta a ƙari, kuma kowace mita da ka hau tana ƙara maka gudun hawa ta gaba. Takalman suka kumbura, ƙafar agwagwa ta dama, wato faffaɗar robar iyo da ake sawa a kan takalmin, ta fice ta kama gabanta.

Abin da na yi sau uku ina hamma shi ne: ka yi shuri da ƙarfi zuwa ƙasa, ka dunƙule gwiwa a ƙirji, ka mirgina gaba har kai ya dawo sama, ka ɗaga kafaɗar hagu ka danna bawul. In ya ƙi, ka ɗaga robar wuya ko ta hannu, gara ka jiƙe. In duk ya gagara, ka baje hannu da ƙafa don rage gudu, kana fitar da numfashi ba tsayawa. Ko ɗaya bai zo mini ba. Abin da ya zo mini salati ne, na kuwa kwarara shi cikin regileta tun daga ƙasa har sama.

Ƙafafuna ne suka fara fitowa, baƙaƙe, a kumbure, ɗaya da ƙafar agwagwa ɗaya babu, suna harbin sama. Daga baya aka ba ni labari yara sun watse ana ihun dorina. Wani tsohon masunci ya turo kwale-kwalensa ya kama ni ta ɗamara ya juya ni kamar waina. Na tofar da regileta ina haki. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Ɗana, kai ɗan ina na?"

Na ce, "Argungu, Baba."

Ya ce, "Kar ka sake hwaɗi ma kowa."

Oga ya iso da abokina a hankali, da gudun da aka yarda da shi, wajen mita 9 a minti. Bai yi faɗa ba tukuna. Ya hau da ni kwale-kwale, ya jawo tukunyar iskar oksijin kusa, ya shiga tambaya: ƙirji na ciwo? Akwai jini a tari? Jiri fa, ko wata gaɓa ta mutu? Ya sa na matse yatsunsa, na bi ɗan yatsansa da ido. Ya ce a zurfin nan da ɗan lokacin nan ba ciwon gaɓoɓi na masu nutso ya fi tsoro ba, huhu ne, don wanda ya riƙe numfashi yana hawa ko daga mita biyu yana iya fasa huhunsa. "Salatinka ne ya buɗe maka maƙogwaro, Bakabe," in ji shi. "Yau ka gama shiga ruwa. In ka ji wani abu ko da dare ne, asibiti."

Sannan ya ɗaga falmarata. Ya auna ta a hannu. Ya zaro darma ɗaya ya ajiye a gabana, ya zaro ta biyu. Ya murɗa bawul ɗin damtsena hagu, muna jin ƙas-ƙas-ƙas har ya ƙare, masunta na ƙirgawa da shi.

A daidai nan shayi ya tashi neman hakkinsa. Zif ɗin baya mai shi ba ya iya buɗe shi, sai wani ya ja maka, a miƙe, a hankali, don in haƙori guda ya karye an gama da shi, kuma shi ne abu mafi tsada a rigar. Rana ta take, ina dahuwa a ciki kamar dambu. Na ce, "Oga, don Allah zif." Ya ce ai na ce ba na ji. Sai da na maimaita masa matakan juyawa daga farko har ƙarshe, da abin yi in bawul ɗin ƙirji ya maƙale yana ta hura iska, wato a cire tiyon nan take da hannu ɗaya ana sacewa da ɗayan, sannan ya ja. Gudun da na yi zuwa bayan wata sabara, da riga a gwiwa da ƙafar agwagwa ɗaya, ya fi wanda na yi daga ƙasan kogi.

Mako guda na ƙara a wurin wanka. Yanzu ina tsugunawa a gaban kowa riga ta yi ƙararta, an sa mini maɗauri a ƙwauri don rage wa iska hanya, kuma darmata ta tsaya a kilo 8.

Amma a daren farko da na koma gida na tuɓe riga, maiɗakina ta ɗaga fitila ta yi salati. Duk inda rigar ta naɗe ta tsunkule ni ya bar jan layi, a kafaɗa, a haƙarƙari, a cinya, kamar an zane ni da dorina. Na yi mata bayanin nauyin ruwa da ƙanƙancewar iska, har da lissafi. Ta saurara har na gama, ta ce, "To na ji. Sojan ne ya dake ka ko masuntan?" Washegari da sassafe Baba ya aiko ƙanena da tsohuwar gorar kakanmu, ya ce in tafi da ita Ingila.