Wai yaran yanzu ba su da amana

To, kun dai ga abin da Alhajin nan mai kamfani a Legas ya rubuta jiya, wai yaran yanzu ba su da amana, da an koya musu tallan kaya sai su tsallaka wani kamfanin. Madalla! Alhaji, ranka ya daɗe, nawa kake biyansu?

Ruwa ba ya tsami banza. Yaro ya fito daga Agege da asuba, ya hau danfo, wato bas ɗin haya, zuwa Oshodi, daga nan ya nufi Idumota yana bin shaguna ɗaya bayan ɗaya, duk da kuɗin aljihunsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya haukace, amma alawus ɗinsa na nan yadda yake tun zamanin Buhari. Gwamnatin Legas ta kai mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta naira 85,000 a 2024, kai kuwa cewa kake kamasho zai cike giɓin. Wane kamasho? Wanda ba ya fitowa sai mai shago ya biya bashi? Ko wanda da yaro ya kusa cika adadin cinikin da kuka ɗora masa a wata sai ku ƙara adadin?

Sai kuma a raba musu riga da hula masu tambarin kamfani, da takardar yabo ta gwarzon wata. Mai gidan haya a Idi-Araba yana karɓar takardar yabo?

Masu ce min ai kasuwa ce babu, ku tafi can. Kamfanin da ya ɗauke yaron ba a wannan Legas ɗin yake ba? Ku biya su kawai. Mai shago bai san ofishinku ba, yaron ya sani, lambarsa ce a wayarsa, kuma ranar da ya tafi da abokan cinikinsa yake tafiya. Sabon da za ku ɗauko sai ya yi watanni kafin a yarda da shi.

Wallahi tausayi suke ba ni. Da yawansu akwai mahaifiya a Funtuwa ko Haɗeja da ke jiran aike duk ƙarshen wata. Ku biya su hakkinsu.

Da can ma acaɓa ce mafakar yaranmu in aiki ya ƙi, to tun 2022 an hana ta a Ikeja da Apapa da Surulere. Kuma har gobe kama babura ake yi ana murƙushewa, wasu ma bashinsu ba a gama biya ba.