Yadda Ɗan Hausa Ya Tona Mini Asiri

Shekara ashirin da ɗoriya ina bi ta Nasarawa a Kano, ina hangen Gidan Ɗan Hausa da wutsiyar ido, ban taɓa sa ƙafa ciki ba. Ɗan gari ai ba ya yawon buɗe ido a garinsu, wannan aikin baƙi ne da 'yan makaranta masu jerin gwano.

To, ana gab da hutun rabin zango autana, ɗan aji biyar, ya dawo da aikin gida: a rubuto tarihin Ɗan Hausa. Ya same ni na ci tuwo na miƙe ƙafa. Ya ce, "Abba, wane ne Ɗan Hausa?" Abin da ya dace in ce shi ne ban sani ba. Amma uwarsa na zaune tana tsintar shinkafa, kunnenta na wajenmu. Sai na gyara murya. Na ce wani sadauki ne, Bakano gaba da baya, wanda ya tare Turawa a bakin ganuwa ranar da suka zo cin Kano a 1903. Shekarar dai gaskiya ce. Sauran kuwa daga cikin tuwon nan ya fito. Na ba shi doki akawal, na rataya masa takobi, har kirari na yi masa. Yaro ya cika shafi biyu yana ta lasar leɓe.

Uwargida ba ta ɗago kai ba ta ce, "Tunda ka san shi haka, sai ka kai mu mu ga takobin."

Da hutu ya zo na saka farar shaddata ta zuwa ɗaurin aure, na kafa zanna-bukar, muka kama hanya. Inna ma ta ce ba za a bar ta ita da kaji ba, ta yafa mayafi ta shiga gaban mota.

Gaskiya gidan ya burge ni. Ginin ƙasa ne, bango mai kauri, rufin azara, ga zane irin na maginan da. A waje rana na dukan tsakar ka, kana shiga sai ka ji sanyi kamar cikin randa, babu fanka babu na'ura. Ni da nake biyan kuɗin mai don janareta a gidan bulo da kwano, na ɗan ji haushin kaina. Amma ba wannan ya kawo ni ba. Na juya na fuskanci iyali, ina tafiya da baya ina bayani, ina nuna musu inda sadauki yake ɗaure dokinsa. Ban ankara ba ƙeyata ta haɗu da gefen ƙofa, gwaf! Hula ta yi nata wuri. Wani matashi ma'aikacin gidan ya tsinto ta, ya kaɗe, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Sannu Alhaji. Bismillah, ku zo ku fara ganin mai gidan."

Ya tsayar da mu gaban wani tsohon hoto. Bature ne, jawur. Na duba hagu, na duba dama, ko akwai wani hoton da ya tsallake. Babu.

Ya ce sunansa Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan a 1876. Da aikin mishan ya fara shigowa Arewa, daga baya ya koma aikin gwamnatin Turawan mulki a Borno. A 1906 ya keta Sahara da ayari tun daga Tarabulus har Borno. A nan Nasarawa ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a 1909, da malamai da 'ya'yan sarakuna. Jin Hausarsa ne ya sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa.

Auta ya ɗago kai ya dube ni. Ni kuma na ƙura wa azara ido kamar an aiko ni in ƙirga ta.

"Abba, ina dokin?"

Na ce, "Ai su biyu ne. Wannan na bayan ne."

Matashin nan, Allah ya yi masa albarka, yaro mai tarbiyya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Mu dai ɗaya muka sani, ranka ya daɗe, amma ilimi kogi ne." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ƙara da cewa mutumin nan ma yana cikin waɗanda suka tsara ƙa'idar rubuta Hausa da boko, tun 1912. Wato haruffan da yarona ya zuba ƙaryata da su, da hannun mai gidan a ciki. A gidansa, da kayan aikinsa.

Gwiwa ta yi sanyi, na jingina da wani bango a tsakar gida don in huta. Da na taso sai na ji uwargida tana dariya har da riƙe ciki. Bayan shaddar ya zama ja, kamar na yini a kwaɓin ƙasa.

Inna kuwa duk wannan bai dame ta ba. Tana can gaban tukwane da ƙore da akushi ta riƙe haɓa. Ta ce da matashin, "Ɗan nan, wannan ne tarihin? Tukunyar da nake jiƙa kamu ta girme ta. Nawa kuke saye?" Da ƙyar na janye ta, tana cewa a rubuta sunan unguwarmu, dutsen niƙanta ma yana nan.

A mota babu mai magana sai da muka wuce Gidan Murtala. Nan uwargida ta ce, a hankali, "Takobin dai wataƙila an kai shi wanki."

Auta ya yage shafi biyun ya sake sabo, ya ci tara bisa goma. Shekaranjiya ya zo da wani aikin, kan Sarki Muhammadu Rumfa. Ya wuce ni ya nufi uwarsa. Na gyara murya. Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Abba, ci tuwonka kawai."