Sunan gidanmu bai shiga fasfo ba

Wajen ƙarfe biyu na dare ne, ina bakin aiki a gidan kula da tsofaffi da ke wani ƙauye kusa da Halifas, a yankin Yokshaya na Ingila. Akwai wani dattijo a ɗakin ƙarshe da barci ba ya ɗaukarsa, ya haura tamanin da biyar. Na kai masa shayi irin nasu, tsararo, da ɗigon madara, babu sukari, sai biskit ƙwaya ɗaya a gefen faranti kamar an yi rantsuwa. Ya jawo katin da ke rataye a wuyana, ya karanta sunana da ƙyar, sannan ya ce wannan na biyun me yake nufi, kuma mu nawa ne masu shi a duniya.

Na ce sunan mahaifina ne. Ya ce to kakana fa? Na faɗi wani suna dabam. Uban kakana? Nan ma wani dabam. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ba ku da sunan dangi. To ta yaya kuke sanin inda kuka fito?" Wallahi ba da raini ya faɗa ba. Tausayi ne fal a muryarsa, kuma tausayin ne ya tsaya mini a maƙogwaro har gari ya waye.

Ya sa na buɗe masa durowar gefen gado, na ciro wata jakar fata da ta sha jiki. Takardu ne a ciki, kowacce cikin rigarta ta leda. Akwai doguwa guda da sai da muka shimfiɗa ta a kan bargo daga ƙirjinsa har ƙafa, an zana zuriyarsu reshe-reshe da jan biro da baƙi, kowane suna da shekarar haihuwa da ta aure da ta mutuwa. Akwai hoton shafin wani littafin coci, rubutun ya yi kama da tafiyar tsutsa, ya ce nan ne sunansu ya fara bayyana, shekara ɗari huɗu da suka wuce. Akwai taswirar Ingila da ya ɗiɗɗiga wa alama duk inda aka taɓa samun mai sunan. Ɗigon ya taru cunkus a kwarin da muke zaune, sai ɗaya-ɗaya can wajen Landan. Ba zan faɗi sunan ba, amana ce ta aiki. Ya dai ce in za a tara masu shi kaf, ba za su cika cocin ƙauyen ba.

Sunan nasa cikin jinsin waɗanda ke ƙarewa da royd yake, irin su Ackroyd da Holroyd da Murgatroyd, waɗanda asalinsu wannan yanki ne. Kalmar a tsohon harshensu tana nufin wurin da aka sare daji aka mai da shi gona. Wato wani talaka ne ya sha wahalar saran daji, aka riƙa cewa wane na gonar kaza, shi ke nan ya bi jikokinsa. Kafin Nomawan Faransa, ina nufin mutanen Nomandi, su ci ƙasar da yaƙi a 1066, Turawan Ingila ma suna ɗai-ɗai gare su kamar kowa. Gadon suna ya faro daga masu ƙasa, ya gangaro a hankali, sai wajen 1400 ya game yawancin gidaje, kuma masu karɓar haraji na cikin waɗanda suka fi son hakan. A 1538 Thomas Cromwell, na hannun daman Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowane coci ya riƙa rubuta wankan jarirai da aure da jana'iza. A 1837 gwamnati ta fara nata rajistar. Ƙidayar da suke yi duk shekara goma kuwa tun 1841 take ɗauke da sunan kowa da kowa. Har ƙungiya suke da ita tun 1979 ta mutanen da kowannensu ya ɗauki suna guda yana bin diddiginsa a faɗin duniya.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya burge ni. Mutanen nan sun iya ajiya. Takardar da a wurinmu da tuni gara ta cinye ko an ƙulla ƙosai da ita, su tana nan a ɗaki mai sanyi an ba ta lamba. Wannan kam sun fi mu, na sallama.

Amma tambayarsa ce ban yarda da ita ba, har yanzu da nake rubutun nan. Wai ta yaya muke sanin inda muka fito. A Zariya ake wannan tambaya? Yaro ya yi rashin kunya a Ƙofar Doka, kafin ya kai Babban Dodo wani tsoho ya riga ya tare shi da "kai, ɗan gidan wa ne?" Da ya buɗe baki ya faɗi gidan, an gama karanta shi: unguwarsu, sana'ar kakanninsa, malamin da suke ɗaukar karatu a zaurensa, gidan da suke aure, da wanda za a kai wa ƙararsa kafin magariba. Wace takarda ce za ta ɗauki wannan? Dattijon nan ya san sunan wanda ya haifi kakan kakan kakansa, amma wata bakwai ina aiki a wurin ban ga wanda ya zo gaishe shi ba sai wata mata daga coci. Na san wannan magana ba ta yi daɗi ba, kuma mutumin kirki ne. Sai dai ita ce ta zo mini a daren, kuma ba ta tafi ba.

Mu tsarinmu dabam ne, kuma ba rashin wayewa ya kawo shi ba. Alƙur'ani cewa ya yi a kira su da sunan ubanninsu, yana nan a Suratul Ahzab. Shi ya sa kowane ɗa yake ɗauke da uban da ya haife shi, mace kuma ko ta yi aure sau nawa tana nan 'yar babanta. A nan kuwa yawancin mata ranar ɗaurin aure suke ajiye sunan gidansu su ɗauki na miji. Dalilin da ya sa sunan dattijon ke ƙarewa ke nan: 'ya'ya mata aka yi ta haifa. Shi kansa 'yarsa ɗaya, tana Ostireliya da sunan wani. Suna ya mutu alhali jini na nan da ransa, a ce mini wannan shi ne sanin asali?

Abin da ake kira sunan dangi a Arewa, mafi yawansa makarantar boko ce ta ƙaƙaba shi. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe farkon shekarun 1920, ta koma Kaduna, ta zo ta zauna a Zariya a 1949 muka san ta da Barewa, aji guda sai a sami Abubakar uku da Ahmadu huɗu, sai a liƙa wa kowa garinsu. Sardauna a makaranta Ahmadu Raba ne. Firayim Minista ya tafi da Tafawa Ɓalewa har kabari. Wanda ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939 a nan garinmu, Abubakar Kagara ne kafin ya zama Imam. Haka Shagari, haka Zungur, haka Kaita. Akwai ma gidan da sunan birnin Kumasi ya bi su da tsohon rubutun Turawa, Coomassie, har ɗansu ya zama Sufeto Janar na 'yan sanda.

In kuma suna mai ƙarancin masu shi ake nema, mai tarihi a cikinsa, ga Bamalli a ƙofar gida. Malam Musa, wanda ya zo Zazzau da tutar Shehu, mutumin Malle ne, shi ya sa aka ce Bamalli, zuriyarsa Mallawa, kamar yadda muke da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Tun da Turawa suka tuɓe Aliyu Ɗan Sidi suka kai shi Lakwaja, sarauta ba ta koma gidan ba sai a Oktoban 2020, bayan rasuwar Sarki Shehu Idris, da aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli. Kusan shekara ɗari. A kwanakin da ake jiran sanarwa, wane mai shayi ne a birni bai jero salsalar gidajen nan huɗu da ka ba? Har masu acaba gardama suke a kan wane ya haifi wane. Babu wanda ya buɗe jakar fata.

To na ji mai cewa ai wannan gidan sarauta ne, talaka fa? Mu talakawa ne, kuma muna da namu. Gidanmu a cikin birni Gidan Mai Baba ake ce masa. Yaran yanzu suna ɗauka wani Baba ake nufi, har wani ɗan ƙanena ya taɓa tambaya ko Baban waye. Baba ne na rini. Wanda ya kafa gidan fataucin baba yake yi, yana sarowa daga ƙauyuka yana kai wa marina a karofi, daga baya 'ya'yansa suka haƙa nasu ramukan. Ina yaro na tarar da wani kakanmu da hannunsa bai taɓa rabuwa da shuɗi ba har ya rasu, ko da yake ya daina rini tun kafin a haife ni, bayan yadin kamfani da rinin gwangwani sun kashe kasuwar. Ban taɓa jin wani gida mai wannan suna ba, a Zariya ko a wani gari. In ƙarancin masu suna abin alfahari ne, to mun fi dattijon.

Abin dariya, garin da nake zaune shi ma garin tufafi ne. Ulu ne arzikin Halifas, suna da wani ƙaton gini na dutse mai fili a tsakiya da ɗakuna zagaye hawa-hawa, an buɗe shi a 1779 don masaƙa su riƙa kawo ƙyallensu, yanzu kofi ake sha a ciki. Sunan Lister da ya cika yankin ma'anarsa marini. Webster masaƙi ne. Walker shi ne mai tattaka ƙyalle cikin ruwa don ya yi kauri, ɗan'uwan mabuginmu ke nan. Na tambayi wata abokiyar aiki mai ɗaya daga cikin sunayen nan ko ta san ma'anarsa, ta ɗaga kafaɗa. Ita tana da sunan babu labarin. Ni ina da labarin, sunan ne babu shi a ko'ina.

Don babu Mai Baba a fasfona. Babu shi a katin ɗan ƙasa, babu a takardar sakandare. Ranar da aka sa ni firamare malamin ya ce sunan uba, aka faɗa, ya rubuta, magana ta ƙare. Mu bakwai mahaifinmu ya haifa, sunan ƙarshe kala uku muke da shi: wasu sunansa na yanka, wasu laƙabinsa, babban yayanmu kuma Zariya kawai ya sa lokacin da ya shiga aikin soja. Ƙanwata sai da ta yi rantsuwar kotu da sanarwa a jarida kafin banki ya yarda ita ce ita. Wannan ɓarnar fom ce da aka kawo mana da gurbi uku aka ce dole mu shige, ko mun dace ko ba mu dace ba.

Da aka haifa mini 'ya a nan bara, sun ba mu kwana 42 mu yi mata rajista. Matar ofishin ta ce doka ba ta hana mu sa duk sunan da muke so ba. Na so in sa nawa, yadda aka yi mini, yadda aka yi wa ubana. 'Yan'uwa da suka riga mu zuwa suka ce kada in soma, in sunan yaro ya saɓa da na iyaye, a filin jirgi da makaranta da asibiti sai an yi ta bayani. Na bi shawara. Yanzu a takarda ni da 'yata uba ɗaya muke. Na tsaya riƙe da biro na yi tunanin rubuta Mai Baba, sai na ga ko ni ba ni da shaidar da zan nuna cewa nawa ne.

Ranar Asabar bayan maganar dattijon na kira Goggo, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ba ta kiran sunana, sunan mahaifinta gare ni.

"Mai sunan Malam, lafiya da sassafe haka?"

Na ce, "Lafiya lau, Goggo. So nake ki jero mini kakanninmu tun daga Mai Baba."

Ta yi dariya har da tari. "Yau kuma? Da kana gida ina yi kana tashi ka tafi ƙwallo. Turawan ne suka aike ka?"

Na ce kusan haka ne. Ta fara, ni kuma ina rubutawa a bayan takardar jadawalin aiki. Ba ta san shekara ko ɗaya ba. Wannan an haife shi shekarar fara, wancan ya rasu zamanin Sarki Jafaru, wance an kai ta Ƙaura aure ba ta haihu ba ta riƙi ɗan kishiya. Kowane suna sai ta tsaya ta ba shi labarinsa, wanda ya yi rowa ta faɗa, wanda ya je Makka a ƙasa bai dawo ba ta faɗa. Mun kai na biyar sai ta ce tsakanin mutum biyu ta manta wane ne wa wane ne ƙane, wadda ta sani ita ce Yaya, Yaya kuwa ta rasu da azumin da ya wuce, ina nan ina aikin dare ban samu zuwa ba.

Na tambaye ta ramukan karofin. Ta ce an cike su tun tuni, wani jikan gidan ya yi shaguna uku a wurin, ɗaya ana cajin waya. Sannan ta ce, da Zazzagancinta da Kanawa ke mana dariya a kai, "Kai dai bar wannan. Yaushe za ka kawo yarinyan nan in gan ta?"

Na ce in sha Allahu bayan salla. Ta ce wace sallar, na ce layin ba ya da kyau, Goggo, zan sake kira.