'Yan Amshin Shata

'Yan uwana matasa, kullum muna jin ana cewa wane ɗan amshin Shata ne, alhali da yawanmu ba su riski mai sunan ba. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa ta jihar Katsina, ya rasu a 1999. Idan kalangu ya ɗauka yana zuba baiti, 'yan amshinsa layi guda suke riƙewa, su yi ta maimaita shi har waƙa ta ƙare. Ya yi yabo, ya yi zambo, amshi yana nan yadda yake. Nan Bahaushe ya samo sunan da yake laƙaba wa wanda ba shi da ta cewa sai abin da maigida ya faɗa. 'Yan majalisar da ke amincewa da duk abin da gwamna ya aiko, su suka fi shan sunan.

Ainihin 'yan amshin Shata, bayin Allah, sana'arsu suke yi a bainar jama'a, kowa ya san waƙa ce. Namu amshin ne yake ci mini rai. Saurayi da digirinsa ya durƙusa a gefen motar ɗan siyasa, hannu a dunƙule, yana "ranka ya daɗe, ba a taɓa yin kamarka ba", alhali famfon unguwarsu ya manta rabonsa da ruwa. A tura masa kuɗin data, ya hau Facebook yana zagin sa'an mahaifinsa don ya ce babu magani a asibiti. Da dare kuma a teburin mai shayi, shi ne zai fara tsine wa ubangidan nasa.

A Sahihu Muslim, wani mutum ya yi ta kambama Sayyidina Usman a gabansa, sai sahabi Miƙdad ya durƙusa yana watsa wa mutumin tsakuwa a fuska, ya ce Manzon Allah (SAW) ya umarce su da su watsa ƙasa a fuskar masu zuga. Usman fa, wanda aka yi wa bushara da Aljanna!

Ban hana ka bin ɗan siyasa ba. In ya haƙa rijiyar burtsatse, faɗi unguwar da take, jama'a su je su gani. In ya kauce, same shi a keɓe ka gaya masa cikin ladabi. In kuwa tsoron rasa na cefane ya hana ka, to rufe bakinka ranar, kada ka rantse da Allah a kan aikin da ka san ba a yi ba.