Ƙannena masu koyon rubutun talla, ku daina kwafar na wasu

A makon jiya wani matashi a unguwarmu nan Madina, wanda bai daɗe da fara karɓar aikin rubuta wa 'yan kasuwa talla ba, ya sanya tallan dabino a WhatsApp, kuma tun kafin in kai ƙarshensa raina ya ɓaci. Rubutun ya ce ajwa ce ta Madina, amma hoton da ke tare da shi sukkari ne na yankin Ƙasim, mai launin ruwan zuma, wanda ko ƙaramin yaro a garin nan ba zai haɗa shi da baƙar ajwa ba. Lambar wayar da ke ƙasa kuwa ta wani ɗan kasuwa ce daban a Jidda, domin daga shafinsa aka ɗauko tallan ɗungurungum aka liƙa ba tare da an tsaya an karanta ba. Mai dabino ya biya kuɗin aiki, masu saye suna kiran wani.

Ƙannena, duk mai koyo yana kuskure, kuma da koyo akan iya. Da yaron nan ya zauna ya rubuta nasa, ya yi tsawo, ko ya manta farashi, ko layin farko ya fito ba armashi, da na yi masa addu'a na nuna masa inda zai gyara. Abin da ke ci mini rai shi ne wannan ɗabi'a ta kwafa da liƙawa da ta zama ruwan dare a tsakaninku, har mutum ya shekara yana kiran kansa marubucin talla alhali bai taɓa ƙirƙirar jimla biyar daga kansa ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ku duba wayoyinku da kanku. Mai abaya, mai turaren oud, mai darduma da carbi, mai aika kaya zuwa Kano da Yamai, duk da kalmomi iri ɗaya suke magana: garaɓasa, inganci, rahusa, kada ka bari a ba ka labari. Tallan umara ya fi kowanne ban takaici, domin kowane otal a cikinsa minti biyar ne zuwa Haramin Makka, ko yana kan titin Ibrahim Khalil a Misfala ko yana can Aziziyya inda sai an shiga mota. Wanda ya fara rubuta wannan jimla wataƙila gaskiya ya faɗa game da otal ɗinsa, sauran kuma suka kwashe ta suka ɗora a kan nasu. Tsohuwar da ta sayar da dabbobinta ta biya kamfanin jirgin yawo saboda wannan alkawari, ita ce za ta ja ƙafa a cikin rana tana neman hanyar masallaci.

Sana'ar nan a cikin kuskuren mutum na kansa ake koyonta. Idan ka rubuta tallan abaya, hajiyoyi goma suka aiko suna tambayar tsawonta da irin yadin, ka gane abin da ka bari a baya. Idan mutane suka gani suka wuce ba wanda ya yi magana, ka san layin farko bai riƙe su ba, sai ka sauya shi gobe ka gwada wani. Idan aka yi ta yabon rubutun amma ba a saya ba, wataƙila ba ka gaya wa mai karatu abu ɗaya da zai yi ba, ya kira ne ko ya turo saƙo. Wanda ya kwafa kuwa, idan tallan ya ci bai san dalili ba, idan ya faɗi ma bai san dalili ba, haka zai dawwama yana jiran wani ya rubuta ya ɗauka. Yanzu kuma an samu sabuwar hanyar lalaci, a sa ChatGPT ya rubuta a fassara zuwa wata Hausa da ba mai magana da ita a Kano ko a Shara Mansur ta Makka, a turo wa jama'a haka nan. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kada ku ɗauka wasa ne, domin kwafar talla tana jan mutum zuwa ƙarya ko bai yi niyya ba. Siffar kayan wani ka ɗora wa kayan da ba su da ita. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wajen wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, sai ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ya kuma gaya mana cewa rantsuwa tana sa haja ta tafi amma tana shafe albarka, sai ga shi wasunku suna buɗe talla da wallahi tallahi a kan dabinon da ba su taɓa ɗanɗanawa ba. Ita ma hukumar ƙasar nan ta Saudiyya, a dokar kasuwancin intanet ta 2019, ta ɗauki tallan da aka wallafa a matsayin wani ɓangare na yarjejeniyar ciniki, ta kuma haramta wanda ke yaudarar mai saye. Baƙon da ke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, ya kamata ya fi kowa taka tsantsan.

Idan kuma aka yi muku gyara sai ku murtuke fuska ku ce hassada ake yi muku, alhali gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina ɗora wani kaso na laifin a kan masu sayar muku da darussa a TikTok, waɗanda ke tsayawa gaban motar haya suna alkawarin daloli cikin wata guda, su karɓi riyalolinku su ba ku tarin tallan wasu su ce ku canza suna kawai. Ku rubuta naku, ku kai wa wanda ya girme ku a kasuwa ya duba, ku yi haƙuri da abin da zai faɗa.

Iyayenmu da suka yi dillanci a Makka da Jidda, da yawansu ba su iya boko ba, amma ba sa yabon kaya sai sun juya shi a hannu, sun shinshina, sun tambayi daga ina ya fito. Alhaji yakan bar musu kuɗin tsaraba ya tafi Mina hankalinsa kwance, ya dawo baɗi ya nemi mutum ɗaya, ya kuma turo ɗansa da surukinsa wurinsa. Dillali a wancan zamani yana jin kunyar a ji bakin wani a cikin maganarsa. Yau 'ya'yansu suna da waya da intanet da karatun jami'a, amma a rasa wanda zai taka zuwa kasuwar dabino ya ɗanɗana safawi da mabrum ya bambance su kafin ya rubuta kalma ɗaya a kansu, kuma wannan yana sa ni baƙin ciki ƙwarai.